Filin bakin gari da gurbin karatu a ƙetare: shawarar wata ma'aikaciyar labo a Damagaram

Wannan lamari na ɗiyar ƙanwata ne, kuma da izininta nake rubuta shi, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunanta ko na wurin aikinta ba. Ta yi karatun aikin labo a nan Zinder, ta ƙara da lisansi a ilimin halittu, tana aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa. Aikinta na kullum ɗiban jini, duba zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, ƙirga ƙwayoyin jini, da gwajin amosanin jini ga masu shirin aure. Ƙaninta da suke ciki ɗaya SS ne, wato yana da amosanin jini. Tun tana firamare take kwana da shi a asibiti in ciwon ƙashi ya tashi.

Cikin wata guda hanyoyi biyu suka buɗe mata. Wata jami'a a ƙetare ta ba ta gurbin mastar a ilimin garkuwar jiki, da bursun da ya ɗauke kuɗin makaranta kaɗai. Jirgi, haya da abinci duk a kan gida, kuma ba za su biyu ba sai an sayar da filin mahaifinta na bakin gari, wanda shi ne abin da ya tanadar wa ƴaƴansa. A ɗaya gefen, wata likitar yara tana neman wanda zai riƙe mata labo da kundin rajistar yara masu amosanin jini: a gwada, a rubuta, a bi sawun kowane yaro. Albashin kaɗan ne, babu kuma digiri a ƙarshensa.

Ita hankalinta yana ƙetare. So take ta zama mai bincike a kan maganin cutar kansa, wato ciwon daji, ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado, kuma akwai wanda take koyi da shi: Michel Sadelain, wanda ta fara jin sunansa da aka ba shi lambar Sarki Faisal ta likitanci a 2025. Mahaifinta ya ce in dai ilimi ne zai sayar. Mahaifiyarta ta ƙi. Da yake ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, sai ƙanwata ta kawo mini maganar. "Yaya, kai ka san abin da take faɗa, mu ba mu sani ba." Na ce kafin a yanke komai, ni da yarinyar mu bi tarihin aikin mutumin daki-daki, mu ga abin da hanyar ta ci masa.

Abin da muka tarar a tarihinsa

An haifi Sadelain a Faransa a 1960. Ya gama likitanci a Paris a 1984, ya tafi Kanada ya kammala digirin dakta a ilimin garkuwar jiki a Jami'ar Alberta a 1989. Daga nan ya wuce Amurka, cibiyar Whitehead da ke haɗe da jami'ar MIT, inda ya koyi yadda ake amfani da bairas da aka cire wa cutarwa wajen shigar da sabuwar ƙwayar gado cikin tantanin jiki. A 1994 ya kama aiki a asibitin cutar kansa na Memorial Sloan Kettering a New York, ya kafa nasa labon. Shekara goma ke nan bayan gama likitanci, a ƙasa ta uku.

Tambaya guda ya riƙe. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira T, su ne ke kashe tantanin da bairas ya shiga. Kansa kuwa daga jikin mutum take tsirowa, shi ya sa sau da yawa ƙwayoyin T suke wuce ta ba su gane ta ba. To, in aka ɗebo su daga jinin maras lafiya, aka dasa musu ƙwayar gado da za ta sa su fitar da wani maƙali mai gane kansar, aka hayayyafa su a labo, sannan aka mayar masa ta jijiya fa? Wani masani a Isra'ila, Zelig Eshhar, ya riga ya ƙera samfurin farko na wannan maƙalin. Sai dai ƙwayoyin sukan gane kansar, su kashe kaɗan, su mace. Kamar dogarin da aka nuna wa ɓarawo aka tura shi ba guzuri, ya bi shi ɗan zango ya zube. A 2002 labon Sadelain ya nuna cewa in aka haɗa wani yanki na furotin CD28 cikin maƙalin, ƙwayoyin suna samun saƙo na biyu, wanda ke sa su hayayyafa su kuma daɗe. A 2003 suka nuna a jikin ɓeraye cewa alamar da ta fi dacewa a auna ita ce CD19, wadda take kan ƙwayoyin B, wato fararen ƙwayoyin jini masu samar da sinadarin garkuwa, masu lafiya da waɗanda suka zama kansa. Dabarar tana nan: maganin zai share ƙwayoyin B gaba ɗaya, nagari da mugu, amma mutum yana iya rayuwa ba su in ana ƙara masa sinadarin garkuwa ta jijiya. Sai a 2013 suka buga sakamakon manya biyar masu sankarar jini da ta dawo bayan magani, dukkansu ba a ƙara ganin alamar cutar a ɓargonsu ba bayan an sa musu ƙwayoyin. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan nau'i da ake kira CAR-T, mai suna Kymriah, wanda ya fito daga aikin Carl June a Jami'ar Pennsylvania. Kuɗinsa a lokacin dala 475,000.

Na ce, "Ɗiyata, ƙirga daga 1994 zuwa 2013."

Ta ce, "Sha tara, Kawu. Ai ban ce gobe zan gama ba."

Shekarun ba su razana ta ba, ban kuma so su razana ta ba. Abin da ya tsayar da ita wani suna ne da ta yi ta gani a takardun binciken tare da nasa: Isabelle Rivière, ita ma Bafaransa, matarsa, wadda ta jagoranci ɗakin da ake sarrafa ƙwayoyin da za a sa wa marasa lafiya. Da ta karanta yadda aikin ɗakin yake, sai ta ga sana'arta ce aka ɗaukaka. A ƙirga ƙwayoyin, a tabbatar ba ƙwayar cuta da ta faɗa ciki, a auna kashi nawa ne suka karɓi sabuwar ƙwayar gadon, a daskarar, a rubuta suna a kan jaka. Kowace jaka ta mutum ɗaya ce tak a duniya, in aka musanya ta an cuci mutum biyu. Ba don masu wannan aikin ba, da dabarar 2002 ta tsaya a jikin ɓeraye. Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa mai riƙe da kwalbar jini ba ƙaramin ma'aikaci ba ne, kuma ban taɓa samun hujja mai ƙarfin wannan ba.

Akwai kuma abin da labarin lambar yabo ba ya kawowa. In ƙwayoyin suka fara aiki, jiki yakan ɗauki zazzaɓi mai tsanani, jini ya sauka, numfashi ya yi wuya. Emily Whitehead, yarinyar farko da aka yi wa wannan magani a Philadelphia a 2012, sai da ta kwanta a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi, aka ceto ta da wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna tocilizumab. A 2016 mutum biyar suka rasu da kumburin ƙwaƙwalwa a wani gwaji na kamfanin Juno, wanda Sadelain yana cikin waɗanda suka kafa shi, aka dakatar da wannan samfurin. Wato maganin ba ya zuwa shi kaɗai. Sai da gado, iskar oksijin, jinin ƙari, wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan jinya da aka horar su gane alamun haɗari tun da wuri.

Inda tarihin ya taɓo gidanmu

Ba cutar kansa kaɗai Sadelain ya yi aiki a kai ba. A 2000 labonsa ya warkar da ɓeraye masu talasimiya, cutar jini ta gado ƴar'uwar amosanin jini, ta hanyar shigar da ƙwayar gado mai lafiya ta haimoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, cikin tantanin ɓargo da wani bairas da aka ƙera daga dangin HIV. Wasu masanan suka bi irin wannan hanyar a kan amosanin jini. A 2014 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 13 irin wannan aikin a asibitin Necker na Paris. A 2019 aka yi wa Victoria Gray a Nashville ta wata hanyar daban, da almakashin ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR. A ƙarshen 2023 Ingila ta amince da Casgevy, Amurka ta bi baya ta amince da shi da kuma Lyfgenia. Na farko dala miliyan 2.2, na biyu miliyan 3.1. Ko mai araha a cikinsu ya haura biliyan ɗaya na sefa a kan mutum ɗaya.

Yadda Casgevy yake aiki ta fi ni saurin kama shi, don ta sha gani da idonta. Jariri SS ba ya ciwo a watanninsa na farko, saboda har lokacin yana ɗauke da haimoglobin na cikin ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take rufe shi, sai na manya, mai matsalar, ya maye gurbinsa. Casgevy wannan makunnin yake lalatawa a tantanin ɓargo, sai haimoglobin na jarirai ya dawo. Amma kafin a mayar wa mutum tantaninsa da aka gyara, sai an share ɓargonsa da busulfan, maganin kansa mai ƙarfi da kan hana haihuwa, ya yi makonni a keɓe a asibiti. A garin da ake tambayar amarya labarin ciki kafin shekara ta zagayo, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, ko da kuɗin sun samu.

A nan ne maganar ta juya. Akwai ƙwayar sha da ita ma take ɗaga haimoglobin na jarirai, ko da yake ba ta kai gyaran ɓargo ba: haidroksiyuriya. Asalinta maganin kansar jini ce, a 1998 Amurka ta amince a ba manya masu amosanin jini. An daɗe ana ɗari-ɗari da ita a Afirka, ana tsoron kada ta raunana yaro a inda zazzaɓi da tamowa suka yi yawa. Binciken REACH, wanda aka buga a 2019 da sunan Léon Tshilolo na Kinshasa a gaba, ya bi yara fiye da 600 a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, ya tarar ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu. A Kano kuwa, da ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, likitoci irin su Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci na asibitin koyarwa na Aminu Kano, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun riƙa auna gudun jini a cikin kawunan yara da na'ura don gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki take barazana gare su, suka kwatanta ƙaramin awo na maganin da matsakaici, ba su ga bambanci wajen kariya ba. An buga sakamakon a 2022. Bincike ne na gaske da duniya ta karanta, aka yi shi da iyayen da ke magana da harshenmu, kuma ginshiƙinsa kundin rajista ne da gwajin jini a kan kari.

Ƙanin nata kuwa, an taɓa rubuta masa wannan maganin, ya sha na ɗan lokaci aka bari, saboda kuɗi da kuma rashin mai bibiyar ƙirgar jininsa. Alhali yayarsa ƙirga jini take yi safe da yamma.

Ta ɓangaren kansa ma haka zancen yake. Kafin a yi maganar CAR-T dole a san wace irin sankarar jini ce, kuma ko tana ɗauke da CD19, wanda sai da na'urar tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza. Mu matsalarmu tana can baya da wannan. Yaro zai zo daga Magarya ko Tanut da zazzaɓi da ɗashewa, a ba shi maganin cizon sauro, a ƙara masa jini, ya koma gida, ya dawo bayan makonni. Kafin wani ya shimfiɗa jinin a gilashi ya lura da baƙin ƙwayoyi, an yi nisa, ga Yamai kusan kilomita 900. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa tana can, kuma sai a 2021 aka fara gasa cutar kansa da hasken na'ura a Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba a kai kashi 30 ba. Wannan tazarar ba gyaran ƙwayoyin gado ne ya kawo ta ba. Tsofaffin magunguna ne da aka fara da wuri aka kuma kai ƙarshe. Mutumin farko da zai iya ganin sankarar jini a Damagaram shi ne wanda ke zaune gaban madubin likita.

Gardamar

Kada a ɗauka na ce mata ta zauna. Ban yarda da masu cewa ɗan ƙasa matalauciya ya bar babban bincike ga masu kuɗi ba. Indiya ta ƙaryata su. A 2023 hukumar magungunan ƙasar ta amince da NexCAR19, maganin CAR-T da aka ƙera a Mumbai tsakanin cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Amurka. Rahul Purwar, jagoran aikin, daga Amurka ya koma gida. Da aikin ya cije musu, ɗalibarsa Alka Dwivedi ta tafi cibiyar kansa ta ƙasar Amurka ta koyi sarrafa ƙwayoyin ta dawo. Abin da na nuna wa ɗiyata shi ne Dwivedi ta tafi ne da matsala a hannu, ta san abin da za ta tambaya, kuma akwai labo da asibiti da ke jiran amsar. Ita fa, in ta tafi yau, me za ta tambaya, wa kuma zai jira ta? Mastar ta shekara biyu da rabin bursu ba ta mai da mutum mai bincike. Sai an ɗora dakta a kai, kuma masu zaɓen ɗaliban dakta suna duba wanda ya zo da wani abu nasa. Ɗalibar da za ta ce ga kundin yara masu amosanin jini daga yankin Zinder, an gwada su daidai, an bi su, ta fi ƙarfin a ba ta rabin bursu.

Amsarta ta yi nauyi, kuma har yau ban ce na rinjaye ta ba. Ta ce, "Kawu, namiji ake ce wa jira. Ni in na jira shekara biyu, maganar aure za a kawo, daga nan sai goyo. Mata nawa ka koyar da suka fi ni ƙoƙari? Ina suke?" Na san inda suke, don har yau muna gaisawa da wasunsu a Kasuwar Dole. Duk wanda zai ba ɗiya mace shawarar dakatawa a garin nan, to ya san alhakin da ya ɗauka.

Da aka zauna gaba ɗaya, sai ta bayyana cewa ba ƙetaren ne damuwar mahaifiyarta ba. Tsoronta wa zai riƙe yaron da dare in ciwo ya tashi, wa zai san wanda za a kira in ana neman jini. Yaron ne da kansa ya katse zancen. Ya ce, "Inna, kada a ɗora zaman Yaya a kaina. In ta zauna saboda ni, duk ranar da na gan ta sai na ji na ci mata rayuwa." Mahaifin bai ce komai ba sai can, ya ce shi dai ba ya so a wayi gari ba fili ba digiri.

Ga abin da aka tsayar. Ba za a sayar da filin ba. Za ta rubuta wa jami'ar ta nemi a ɗaga mata gurbin zuwa baɗi, ta karɓi aikin rajistar, ta kuma nemi cikakken bursu da wannan aikin a matsayin tushen bincikenta. Mahaifinta ya yi alkawari a gabana da gaban mahaifiyarta cewa ba zai karɓi maganar aurenta daga kowa ba sai wanda ya yarda da tafiyar, kuma ni na nemi a faɗi wannan a fili, don shawarata ba ta da daraja in babu shi. An mai da yaron kan haidroksiyuriya ƙarƙashin kulawar likita, ita ce take ƙirga jininsa, ta kuma koya wa ƙanwarsu alamun da in an gani ba a jira safiya: zazzaɓi, ciwon ƙirji, ɗashewa farat ɗaya, nauyin baki ko hannu.

Aikin rajistar ya zo da nasa wahalhalun. Wuta takan ɗauke, samfurin jini ba ya jure zafin bazara, sai ta koma ɗiga jinin a kan takarda ta musamman a busar, wadda ta fi jure ajiya. Iyaye da yawa ba su da lambar waya tsayayya, don haka tana rubuta unguwa da sunan mai unguwa ko limamin da ya san gidan. Mafi wuya shi ne gaya wa uba cewa shi ma yana ɗauke da S, don da yawa sun zo da yaƙinin daga dangin uwa cutar ta fito. Takan zana musu a takarda yadda AS da AS suke haɗuwa, da yadda kowane ciki yake da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa SS, ko da na baya ya zo lafiya. Wasu sukan karɓa, wasu ba sa dawowa.

Kansar ma ba ta bar ta ba, a nan ne muka bambanta. Ni ina ganin ta tattara ƙarfinta a kan amosanin jini, inda take da abin da wasu ba su da shi. Ita ta ce sankarar jini ce ta fara jawo ta, ba za ta sake ta ba. Duk gilashin jinin da ta ga ƙwayoyin da ba ta yarda da su ba, takan ɗauki hotonsa ta bakin madubin da wayarta, ta aika wa wani likitan jini a Yamai da izinin likitar da take aiki da ita, ta rubuta amsar a wani kundi na daban. Jami'ar ba ta amsa wasiƙar ɗagawar ba tukuna. In sun ƙi, gurbin ya tafi, sai ta sake nema daga farko a zangon da ke tafe, kuma ta riga ta fara haɗa takardun.